Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Kwana Biyu Tsakanin Kura da Bunkure

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma duk shekara idan muka iso darasin inzayim sai in ga idanun yara sun yi nauyi. In zana a allo, su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su amayar mini da abina, shi ke nan an rabu. Bara wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai shi wannan abin a ina ake ganinsa?" Na ce mata ba ya ganuwa ko da madubin ɗakin gwajinmu. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ta daɗe tana cizona.

Saboda haka, da wani aminina da muka yi kwalejin horon malamai tare, wanda ya ajiye alli ya koma garinsu a ƙasar Bunkure ya rungumi noman rani, ya matsa mini in zo in ɗebi tumatir tun yana araha, ban yi masa gardama ba. Ƙarshen watan Fabrairu ne, sanyin hunturu yana nan da asuba, amma kafin hantsi rana ta fara nuna hali. Na shiga mota a Unguwa Uku. Da muka zo wucewa ta 'Yan Lemo, warin ruɓaɓɓun kayan marmari ya cika motar, kowa ya toshe hanci, har da ni mai darasin. Sai da muka haye gadar Tamburawa muka wuce Karfi sannan ƙasa ta sake kama. Jar ƙurar rani ta ɓace, kore shar ya shimfiɗu iya ganin ido: alkama ta fara nuna, ga albasa, ga masarar rani, ga tumatir jere a kan kunyoyi, ruwa na bin magudanu a natse kamar ba watan Fabrairu ba.

Ruwan nan daga Tiga yake zuwa, madatsar da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Babbar magudana ta ɗauko shi, ta rabu gida biyu, reshen gabas da na yamma, daga nan ƙananan hanyoyi su rarraba shi gona-gona. Ba injin da ke tura shi, gangara ce kawai. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000 a yankunan Kura, Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976.

Ina kallon filin ta tagar mota sai ilimin allo ya motsa. Duk ganyen da ke wurin aiki ɗaya yake yi: ya haɗa ruwan Tiga da iska da hasken rana ya ƙera gulukos, ƙwayar sukarin da kusan kowane mai rai ke rayuwa a kanta. Shuka ba ta barin ƙwayoyin a warwatse, shirya su take yi kamar jigida. Wani shirin ya zama sitaci a cikin ƙwayar shinkafa da alkama, wani ya zama selulos a jikin kara da tattaka. Duwatsun jigidar iri ɗaya ne, ƙullin ne ya bambanta. Inzayim shi ne makamin da ke kwance ƙullin, kuma kowane ƙulli da nasa, kamar yadda lauje ba ya aski. Wato dai dubban hektocin nan masana'antar sukari ce, rigimar kuma a kan wa zai riga kaiwa baki: mu, ko dabbobi, ko ƙwayoyin da ido ba ya gani.

Aminina ya tare ni a Kura da babur. Ya so mu wuce kai tsaye, na ce sai na ga marina tukuna. Mutanen yanzu shinkafa suke tunawa idan an ambaci Kura, amma tun kafin a haƙa magudanar farko sunan garin ya ƙetare Sahara a kan rawani. Ɗan Kura, baƙin rawani mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa har shunin ya rine musu fuska, a nan ake rina shi a buge shi. Masanin tarihi Philip Shea ya yi digirinsa na uku a kan wannan sana'a ta rini a ƙasar Kano a ƙarni na 19.

Karofi da yawa sun cike da ƙasa. A bakin ɗaya daga cikin waɗanda suka rage muka tarar da wani dattijo, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu, farcensa kamar an shafa tawada.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, Malam, sannunku da rana. Sayayya ko kallo?"

Na ce kallo ne da tambaya. Ya yi dariya ya ce masu tambaya sun fi masu saye yawa yanzu. Ya ɗage murfin, wani wari mai nauyi ya taso, tsakanin na taki da na daddawa. Kumfa ta taru a saman ruwan, tana wani ƙyalli ja-ja kamar tagulla. Ya sa muciya ya motsa a hankali, ya tsoma wani ƙyalle, ya murza shi a cikin ruwan, ya fito da shi. Kore ne, kore mai ɗan rawaya. Ya warware shi ya riƙe a iska. A gaban idona, kafin in gama mamaki, ya rikiɗe ya koma shuɗi.

Ya ce mini karofi rai gare shi. Yana jin sanyi, shi ya sa da hunturu yake nawar tashi. Yana gajiya idan an matsa masa da aiki, sai an bar shi ya huta. Idan toka ta gaza ko ta yi yawa, ya mutu, sai dai a kwashe a sake sabo. Ban ce komai ba, domin babu abin gyarawa a maganar.

Ganyen baba da ake rini da shi ba shi da shuɗi ko kaɗan. Abin da ke cikinsa wani sinadari ne, indikan, wanda rabinsa mai launi ne, rabinsa gulukos, an ɗaure su tare kamar akuya a turke. Muddin igiyar na nan, launi ba ya fita. Idan aka daka ganyen ko aka jiƙa shi, wani inzayim mai suna beta-gulukosides ya sami hanya ya yanke igiyar. Sukarin ya tafi gefe, ɗaya rabin ya haɗu da iska, biyu-biyu su manne su zama shuni. To amma shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. A nan bakteriya ke karɓar aiki. Toka ta sa ruwan ya yi kaifin da yawancin ƙwayoyi ba sa iya zama cikinsa, sai masu juriya. Su kuma su yi ta cin sukari da ragowar ganye, su shanye iskar da ke ruwan, ƙarfin da suka tatso daga abincin nan su sauke shi a kan shunin, ya juye ya zama mai narkewa, mai launin kore. Shi ne ya ratsa zare. Da ya sha iska ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki, ba fita. Kumfar da Baba ke dubawa da safe rahoton ma'aikatansa ne.

Akwai wani abin da ya ba ni dariya mai ɗaci a kan hanyarmu ta fita. A shekarar 1897 wani Bajamushe, Eduard Buchner, ya niƙe yis da yashi ya matse ruwansa, ya zuba masa sukari don kada ya lalace, sai ya ga yana kumfa alhali babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki. Nan duniya ta tabbatar cewa inzayim ne ke aikin, ko da mai shi ya mutu. Aka ba shi kyautar Nobel a 1907. A wannan shekarar ta 1897 ɗin dai kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta kasuwa, wanda sannu a hankali ya kwantar da noman baba daga Indiya har ƙasar Hausa. Shekarar da aka gano sirrin irin aikin da ke gudana a karofi, ita ce aka fara haƙa masa kabari.

Mun ci shinkafa da wake a bakin titi, muka ratsa unguwar masu gumi, inda mata ke turara shanshera a manyan tukwane suna shanyawa a kan tamfol. Wata ta ce idan jiƙon ya wuce lokacinsa ruwan ya yi tsami, warin ya kama shinkafar, farashinta ya faɗi. Na gyaɗa kai muka wuce, don rana ta yi, ga Bunkure da sauran tafiya.

Bayan sallar isha'i, a tsakar gidan aminina, na sami darasin da ya fi kowanne tsaya mini a rai. Mahaifiyarsa tana haɗa kunun zaƙi saboda baƙon da ya zo. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna kusa.

"Inna, in taya ki?"

"Kai ɗan nan, yaushe maza suka fara dama kunu? Zauna dai ka sha kallo."

Geron ya kwana a jiƙe, an niƙo shi da citta da kanumfari. Ta raba ƙullun gida biyu, babba da ƙarami. Ta sheƙa wa babban tafasasshen ruwa tana juyawa, ya yi kauri kirtif, har muciya na tsayawa a ciki. Ƙaramin, wanda ta niƙa da busasshen dankalin Hausa, ta ajiye shi gefe ɗanye. Sai ta zauna tana hira kamar ta manta. Can ta tsoma ɗan yatsa, ta girgiza kai. Ta sake jira. A karo na uku ta ɗauki ɗanyen ta juye, ta gauraya. Ba a daɗe ba abin da ke riƙe muciya ya fara saki, ya tsinke, ya zama ruwa-ruwa. Ta ɗiga mini a tafin hannu. Zaƙi-zaƙi, ba a sa sukari ko cokali ɗaya ba.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki zuba tun da zafinsa ba?"

Ta dube ni kamar na tambayi dalilin da ya sa ake rufe ƙofa da dare. "In ka zuba da zafi ai ka ƙona shi. Ba zai saki ba har gobe."

Abin da ta ce shi ne shafi guda na littafin da nake koyarwa. Tafasasshen ruwan ya kumbura sitacin geron, ya buɗe jigidar yadda makami zai kai gare ta. Dankalin Hausa cike yake da amiles, inzayimin da ke gutsure sitaci ƙwaya biyu-biyu, abin da ake kira maltos, mai zaƙi. Amma shi kansa inzayim furotin ne, ɗan uwan farin ƙwai. Ɗumi yana ƙara masa kuzari, tafasa kuwa tana dafa shi, siffarsa ta lalace, ba ya sake moruwa. Yatsan Inna shi ne ma'aunin zafinta. Irin wannan inzayim ne na farko da aka taɓa warewa a duniya, lokacin da Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka ciro shi daga tsiron sha'ir a 1833. Akwai danginsa a yawun bakinmu. Wanda ya tauna lomar tuwon shinkafa ba miya ya daɗe bai haɗiye ba zai ji zaƙi ya fito.

Da asuba da aka tace kunun, ɗan tsami ya shiga bayan zaƙin. Cikin dare wasu baƙi sun iske sukarin da amiles ya zubar. Bakteriya ne masu yin tsami, waɗanda ke maƙale a jikin gero da ƙwarya da hannun mai damu. Yadda suke cin gulukos kuwa shi ne yadda tsokar jikina ke cin sa, shi ne yadda yis ke yi a cikin ƙullun waina: matakai 10, kowane mataki da inzayiminsa, wannan ya miƙa wa wancan kamar masu jefa tubali a wajen gini, har ƙwayar ta tsage gida biyu. Ribar kaɗan ce, curi 2 na makamashin da ake kira ATP, alhali mai amfani da iskar numfashi yana tatsar kimanin 30 daga ƙwaya guda. Abin da ya saura su zubar da shi a matsayin asid, shi ne tsamin da harshe ke ji. Yis shi kuma iska yake fitarwa, ita ke tayar da ƙullu. Tsamin nan katanga ce, domin yawancin ƙwayoyin da ke sa gudawa ba sa son zama a cikinsa. Mu malamai mun yi wa yara illa da muka bar su suna kiran kowace bakteriya ƙwayar cuta.

Muna fita gona muka ci karo da garken shanu a wani fegi da aka girbe, suna tuƙa a kan tattakar shinkafa, matan Fulani kuma sun nufi gari da ƙore a ka. Na sayi kindirmo na ludayi biyu a tsaye. Sukarin madara, laktos, ƙwaya biyu ce a manne, sai an raba su kafin a ci. Bafulatana ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta ɗiga ɗan tsohon nono, ta rufe da faifai. Ƙwayoyin da ke cikin ɗigon nan su raba laktos, su mai da shi asid, asid ya daskarar da madarar. Louis Pasteur ya nuna cewa masu rai ne ke wannan aikin a 1857. Wannan aiki nasu ne ya sa mutumin da ɗanyar madara ke murɗa wa ciki, don inzayimin hanjinsa ya ragu bayan yaye, sau da yawa yakan sha nono lafiya lau, an rage masa aiki tun a ƙwarya. Su ma ƙwayoyin ba sa ɓarnar ƙarfi. Masana biyu, Jacob da Monod, sun nuna a 1961 cewa bakteriyar hanji ba ta ƙera inzayimin laktos sai ta ga laktos ɗin a gabanta, kamar manomin da ba ya kiran 'yan ƙwadago sai ranar da aiki ya samu. Saniya kuwa, duk girmanta, ba ta da makamin kwance selulos. Ƙwayoyin da ke cikin tumbinta ne ke sarrafa tattakar, ita ta rayu a kan abin da suka fitar.

Daga nan murna ta ƙare, muka shiga gonar tumatir.

Tun da duku-duku ake tsinka. Yara na zubawa a manyan kwanduna, a danna, a ƙara, a yi masa toliya a rufe da ciyawa. Na tsuguna na duba gindin wani kwandon da ya kwana. Ruwa na ɗiga ta saƙar, ƙananan ƙudaje sun yi masa rumfa. Na sa hannu na zaro ɗaya daga ƙasa. Tsinin kwandon ya tsaga masa fata, gefen tsagar ya yi laushi lugub, yatsana ya nutse ba tare da na danna ba, ga wani farin gashi-gashi ya fara tsirowa. Warin 'Yan Lemo ne sak.

Abin da ke riƙe naman tumatir wani danƙo ne, pektin, shi ma jigidar dangin sukari ce, kamar laka tsakanin tubala. Tumatir da kansa yana ƙera inzayimin da ke sassauta wannan danƙon idan ya nuna, shi ne laushin da mai cefane ke latsawa ya ji. Idan fata ta tsage, bakteriya da funfuna su shigo da nasu makaman, waɗanda suka fi kaifi, su narkar da lakar, ginin ya rushe, ruwan zaƙin ya kwarara kan na kusa, shi ma ya kamu. Zafi kuma na zuga su: a ƙa'idar da aka saba, ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan aiki. Yanzu a lissafa kwando kan kwando a bayan babbar mota, daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kilomita wajen 1,000 cikin rana.

Mun bi hanyar gefen magudana muka ɓulla Kwanar Gafan da azahar. Kwanduna har ba wajen taka ƙafa. Dillali ya taya, aminina ya ce albarka, dillalin ya juya abinsa ba ko waiwaye. Ya san abin da ya taka. Mai shinkafa yana iya mai da buhunsa gida ya jira wata uku, mai tumatir kuwa ciniki yake da mutum biyu, ɗaya a gabansa, ɗaya a cikin kwando, kuma na cikin kwandon ba ya jira. Kafin la'asar aminina ya sallama a ƙasa da tayin farko.

A Kadawa, ba nisa da nan, akwai masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a 2016, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar ce ƙwaron nan Tuta absoluta, da manoma ke kira sharon, ya cinye gonaki, kuma tun daga lokacin masana'antar ta sha tsayawa tana tashi. Abin da irin waɗannan masana'antu ke fara yi wa tumatir bayan an markaɗa shi ne su ɗaga masa zafi nan take, don a kashe inzayimin pektin kafin ya tsinka shi, a sami kauri. Wato abin da Inna ke gudun yi wa kununta, shi suke yi da gangan. Talaka kuma yana da tasa dabarar. Duk gefen hanya an yanka tumatir an baza a ƙasa ana kauɗa, domin inzayim ba ya aiki sai da ruwa. Sai dai ƙura da akuya suna da nasu kason.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. An kashe dukiya mai yawa an kawo ruwa daga Tiga don a ƙera sukari, ba a kashe ko kusa da haka ba wajen kare shi bayan tsinka. Rumfa mai inuwa a bakin gona, akwatunan roba maimakon kwando mai tsini, ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a kasuwa, wajen shanya a ɗage daga ƙasa: ba ɗayansu da ya kai haƙa magudana tsada.

Na dawo gida da kwando guda da jarkar kunu. Uwargida ta ware waɗanda suka fashe ta tafasa su a daren, sauran suka kai mako. Ranar Litinin na shiga aji da ɗanyen dankalin Hausa, da kofi biyu na koko mai kauri, ɗaya da zafinsa, ɗaya ya huce. Yarinyar bencin baya ce na sa ta zuba.

'Yan'uwana malaman kimiyya na Kano, Kura ba ta kai tafiyar awa guda daga Unguwa Uku ba. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku ɗebi yaran ku kai su kafin zafin Afrilu ya kwashe tumatir, ku fara da marina tun dattawan da suka san ta suna nan.